Yadda ake kula da yaro mai alejin abinci a gida, daga kicin har ranar da abin ya tashi

Tun da na yi maganar cewa ɗana ba ya cin gyaɗa da ƙwai tambayoyi suka ƙi ƙarewa, wannan ta ce nata da ya sha madara sai jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, waccan ta ce tata leɓe ke kumbura in ta ci kifi, wata kuma cewa ta yi wai ni ya nake yi da girki a gidan yawa inda tukunya ɗaya ake ɗorawa kowa ya ci. Toh na ga gara in zauna in rubuta komai a jere yadda nake yi. Ni ba likita ba ce, uwa ce da ta ga fuskar ɗanta ta kumbura a kan cinyarta saboda kunun gyaɗa cokali uku, kuma abin da ke nan ba zai hana ki zuwa asibiti ba, zai dai sa ki san me za ki yi kafin ki je da bayan kin dawo.

1. Ki tsayar da abincin, ki ɗauko biro da littafi

Ranar da kika fara zargin wani abinci, ki daina ba shi wannan abincin nan take. Sai ki samu ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta, shi ne kayan aiki mafi arha a duk wannan harkar kuma shi ne likita zai fi amfana da shi. Ki riƙa rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa ya ci, me ya ci, da me da me aka sa a ciki (kar ki rubuta "tuwo da miya" kawai, ki rubuta miyar taushe mai gyaɗa da kabewa da daddawa da man shanu), wa ya dafa, sannan bayan minti nawa alama ta fito. Ki ɗauki hoton jikin da wayarki a wurin haske, don sau da yawa kafin ku isa gaban likita borin ya kwanta, ki yi ta bayani babu abin nunawa.

Aleji, wato jikin yaro ya riƙa tashi in ya ci wani abinci kamar abin cutarwa ne ya shige shi, in mai saurin tashi ne yawanci cikin 'yan mintuna ne zuwa awa 2 bayan cin abincin. Akwai kuma mai jinkiri, an fi ganinsa da madarar shanu a jarirai, shi sai bayan awanni ko kwana 2 zuwa 3 za ki ga amai, gudawa, wani lokacin da ɗigon jini a kashi, ko fata ta bushe tana ƙaiƙayi a kumatu da lanƙwasar hannu. Wannan na biyun ba ya kamuwa sai da littafi.

Hattara: abin da kike zargi kaɗai za ki cire. Na ga uwar da tsoro ya sa ta hana yaro madara da ƙwai da kifi da wake da gyaɗa duk lokaci ɗaya, ya koma daga koko sai farar shinkafa, ai an gudu daga aleji an faɗa tamowa kenan.

Hattara ta biyu: kar ki sake ba shi "don ki tabbatar". Tashin jiya ya zo da sauƙi ba ya nufin na gobe ma haka zai zo.

2. Ki iya bambance ƙaramin tashi da babba

Wannan ki haddace shi kamar lambar wayarki.

Ƙaramin tashi: borin jini a jiki, ƙaiƙayi, ɗan kumburin leɓe ko fatar ido, atishawa da yoyon hanci, ciwon ciki ko amai sau ɗaya, amma yaron yana numfashi lafiya, yana kallonki, yana kuka da muryarsa ta kullum. A baƙar fata borin ba lallai ya yi ja ba, ki shafa da tafin hannu za ki ji tudu-tudu.

Babban tashi, wanda likitoci ke kira anafilaksis: numfashi da ƙyar ko yana fita da ƙara kamar fito, tari ba ƙaƙƙautawa, murya ta dishe ko kukan ya canza, harshe ya kumbura, ya kasa haɗiyar yawu yana dalala, jiki ya saki kamar tsumma, cikin leɓe da tafin hannu su yi fari fat, ko barci ya kwashe shi farat ɗaya, ko ya suma. Ɗaya daga cikin waɗannan ta isa, ba sai sun haɗu ba. Kuma in alamu sun fito a wuri biyu lokaci guda, misali borin jini ga kuma amai a kai a kai, ki ɗauke shi a matsayin babba. Wani lokacin ma babban tashi yana zuwa babu ko ƙurji ɗaya a fata, kar ki tsaya jiran ganin bori.

Yaron da bai iya magana ba ba zai ce miki maƙogwarona ba, za ki ga yana cusa hannu a baki, yana jan harshe ko kunne, yana tofar da abincin. Wanda ya fara magana zai iya cewa abincin "da yaji" alhali ba ki sa barkono ba. Dan Allah a irin wannan lokacin kar a yi masa ɗura. Ƙin abincin nan da yake yi wataƙila bakinsa ne ke ƙaiƙayi.

3. Ki kai shi wajen likitan yara, ba kemis ba

Ki tafi da littafinki da hotuna da katin awonsa, in abin leda ne ya ci ki tafi da ledar. Manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri duk suna da sashen yara, in kina ƙauye ki fara da asibitin da ke kusa ki nemi takardar turawa gaba.

Gwajin da ake yi iri uku ne. Akwai na fata, a ɗiga ruwan abincin a hannu a ɗan tsikara a jira kamar minti 15. Akwai na jini mai suna IgE. Sai na ƙarshe wanda ya fi kowanne tabbas, a ba yaron abincin kaɗan-kaɗan a cikin asibiti likita na tsaye da allura a kusa. In na fata za a yi, ki tambaya kwana nawa zai daina shan maganin ƙaiƙayi kafin ranar, don maganin yana ɓoye sakamako. Gwajin jinin yana da tsada kuma galibi sai a manyan birane, toh in babu hali kar ki karaya, labarin da kika rubuta da kyau sau da yawa ya ishi likita ya ba ki tsari.

Hattara: akwai wani gwajin jini mai suna IgG da ake tallatawa wai zai nuna miki abinci ɗari da jikin yaro ba ya so. Wannan ba ya nuna aleji, asarar kuɗi ce kuma zai sa ki hana yaro abincin da babu ruwansa.

Kafin ki tashi daga gaban likita ki tabbatar ya rubuta miki abu uku a takarda: sunan abincin da za a guje wa, maganin ƙaramin tashi da adadinsa daidai da nauyin yaron, da abin da za a yi in babba ya zo. In yaron yana da asma ki faɗa masa, don asmar da ba a kula da ita tana sa tashin ya fi muni.

4. Ki haɗa jakar gaggawa

Ƙaramar jaka mai zif, launi mai ɗaukar ido, a rataye a ƙusa ɗaya da kowa ya sani, sama da inda hannun yara ke kaiwa, kuma kar a kulle ta a durowa a tafi da makulli. A ciki: takardar likita, maganin ƙaiƙayi na ruwa irin su cetirizine da sirinjin awo, abin shaƙar asma in yana da shi, allurar adirenalin in likita ya rubuta, lambar wayar babansa da ta wani mai mota ko mai adaidaita da kuka yi magana da shi tun kafin ranar, da kuɗin mota da na kati waɗanda ba a taɓawa ko gishiri ya ƙare. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, ki ajiye ta, amma ni dai ban dogara da ita ita kaɗai ba, maƙwabci mai mota ya fi kusa.

Maganar adirenalin sai na ɗan tsaya a kanta. Ita kaɗai ce maganin babban tashi. A ƙasashen waje tana zuwa a cikin wani abu kamar biro, irin su EpiPen, na ƙananan yara 0.15 mg na manya 0.3 mg, ana danna shi a cinya kawai. A nan samunsa da wuya kuma da tsada sosai, a Amurka ma a 2016 kuɗin guda biyu ya haura dala 600, ga shi bai cika wuce shekara ɗaya da rabi ba yake lalacewa. Abin da ya fi samuwa a wajenmu shi ne 'yar kwalbar adirenalin ta asibiti da sirinji mai 1 ml, ita ba ta da tsada. In likita ya ga ya dace ki riƙe ta a gida, ki roƙi shi ko nas su koya miki da hannu yadda ake fasa kwalbar da zuƙowa, ki gwada da ruwa a gabansu har hannunki ya saba, babansa ma ya koya.

Hattara: kwalbar tana ɗauke da 1 ml, amma yaro ɗan ƙasa da shekara 6 abin da ake yi masa bai wuce 0.15 ml ba. Kin ga duk kwalbar ta yi masa mugun yawa. Likita ya rubuta adadin da manyan baƙi, ki manna a jikin jakar, kuma a tsoka ake yi, ba a jijiya ba.

Zafi da rana suna kashe ta. Kar a bar jakar a cikin mota ko a taga, musamman watannin bazara da zafi ke wuce 40, ki nemi ɗakin da ya fi sanyi, ni kusa da randa nake rataye tawa. Biron nan ba a sa shi a firij. Duk farkon wata ki duba kwanan lalacewa ki ɗaga ki kalli ruwan, in ya canza launi ko ya yi gurɓi-gurɓi a canza.

5. Ranar da abin ya tashi

In ƙarami ne: ki karɓe abincin, ki goge masa baki da hannu da ruwa, ki ba shi maganin ƙaiƙayi yadda aka rubuta, ki zauna da shi ki zuba masa ido aƙalla awa 2. Kar ki kwantar da shi a ɗaki ki koma wanke-wanke. Piriton yana sa barci, sai ki kasa gane barcin magani ne ko jikinsa ne ke saki, shi ya sa na fi son wanda ba ya sa barci, kuma Piriton ba na jariri ɗan ƙasa da shekara 1 ba ne.

In babba ne, ga jerin:

Na farko, ki kwantar da shi rigingine ki ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ne ya fi damunsa ya zauna a jikinki ƙafa a miƙe, in yana amai ko ya suma ki juya shi ta gefe. Kar a tsayar da shi, kar a sa shi tafiya, kar a saɓa shi a tsaye ana jijjigawa.

Na biyu, allura, a gefen cinya ta waje wajen tsakiya. Ki riƙe ƙafar da kyau kar ya fizge. In biro ne ko ta kan wando yana shiga, ki danna ki ƙirga zuwa 10. Ki duba agogo ki riƙe lokacin.

Na uku, ki ɗaga murya a kira mota. Ba sai an jira maigida ya dawo daga kasuwa ba, wannan maganar ku gama ta tun yau, ya ba ki izini a gaban mutanen gida cewa in abin ya tashi ki fita kawai.

Na huɗu, in minti 5 ya wuce babu sauƙi kuma kina da ta biyu, ki yi a ɗaya cinyar.

Na biyar, asibiti dole, ko da ya warware yana wasa. Abin yana iya dawowa bayan awanni ba tare da ya sake cin komai ba. Da kin shiga ki faɗa da ƙarfi cewa aleji ne, ya ci kaza, numfashinsa ya canza, an yi masa adirenalin ƙarfe kaza ko ba a yi ba. In ba ki da allurar a gida, toh babu abin tsayawa yi, mota kawai, a kwance a kan cinyarki, asibiti mafi kusa ba wanda kika fi so ba.

Hattara: kar a ɗura masa manja ko madara ko zuma, kar a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, kar a tsaya jiƙa wani abu ko turara hayaƙi. Yaron da maƙogwaronsa ke kumbura zai shaƙe. Maganin ƙaiƙayi da abin shaƙar asma da allurar haidirokotizon duk ba sa maye gurbin adirenalin. Addu'a ki yi ta a bakinki kina tafiya. Kuma in kina kokwanto tsakanin ƙarami ne ko babba, ki yi allurar, jinkirinta ya fi yin ta haɗari nesa ba kusa ba.

6. Ki gyara kicin

Ɗan abin da ya maƙale a muciya ya isa ya tayar da wani yaron, kuma dafuwa ko suya ba sa kashe alejin gyaɗa. In gidanki ne ke kaɗai, mafi sauƙi ki fitar da abincin daga gidan gaba ɗaya, mu haka muka yi da gyaɗa. In gidan yawa ne ba za ki hana mutane cin abincinsu ba, sai ki ware masa kayansa: 'yar tukunya, ludayi, muciya, faranti, kofi, cokali da soson wanke-wanke, ki sayi masu launi ɗaya ko ki sa musu alama da fenti. Kayan ice irin muciya da turmi da akushi suna shan mai, wanki ba ya fitar da shi duka, don haka nasa su zama sababbi. Ba wani kuɗi mai yawa ba ne, sau ɗaya ake saya.

Tsarin girki kuma: nasa ake fara yi, a rufe a ajiye a sama, sannan a yi na gida. In miya ɗaya ce, ki ɗebi tasa kafin a zuba gyaɗa ko kifi ko man shanu. Tsame ƙwai daga cikin abinci a ba shi sauran bai yi ba, ya riga ya shiga.

Duk wanda ya ci abin ya wanke hannu da baki da sabulu kafin ya ɗauke shi ko ya sumbace shi. Sabulu da ruwa ne ke fitarwa, sanitaiza ba ta fitarwa. A share tabarma bayan cin abinci, don mai rarrafe komai ya tsinta baki zai kai. Cin abinci a tire ɗaya da sauran yara kuwa, in akwai abin a ciki, babu shi. In babu, ki bar shi ya ci da 'yan uwansa, kar a mayar da shi saniyar ware.

7. Injin niƙa da man suya

Nan ne aka fi samun matsala kuma mutane ba sa kawo shi a rai. Injin unguwa yanzu ya markaɗa gyaɗar masu ƙuli, an jima waken suyar masu awara, sai kuma a zuba geronki na koko. Sau ɗaya da abin ya tashi wa ɗana na rasa dalili, daga baya na gane daga gasarar da aka kai markaɗe ne. Yanzu nasa a bilenda nake yi a gida, in babu wuta in daka a turminsa. In dole sai inji, ki je da sassafe bayan an wanke, ki sa a fara zuba ruwa da ɗan hatsi a zubar, duk da haka ga yaron da ya taɓa babban tashi ban ba ki shawara ba.

Sai mai. Mu komai "man gyaɗa" muke ce masa, alhali da yawa daga na galan ɗin kanti na kwakwar manja ne ko na waken suya, sai kin karanta jiki za ki sani. Man ƙuli na gida wanda ake matsewa da hannu shi ne mafi haɗari ga mai alejin gyaɗa. Man awo na kwalba a kasuwa ba ki san me aka gauraya ba, ki bar shi. Haka man da aka soya kifi ko awara mai ƙwai a ciki, kar a soya masa dankali da shi. Ƙosan bakin titi ma ki tambayi mai suya da wane mai take yi kuma me da me take soyawa a kaskon.

Kuma kar a shafa wa jariri man gyaɗa a fata, musamman mai bushewar fata da ƙuraje, basilin ya wadatar.

8. Inda abin yake ɓuya a abincinmu

Gyaɗa ita ce ta fi yawan maɓoya: ƙuli-ƙuli da yajin ƙuli, tsire da balangu in an barbaɗa, kilishi, kwaɗon zogale da na rama, gurasa bandashe, miyar taushe, fate, daƙuwa, kunun gyaɗa, da garin kunun yara da ake haɗawa da gyaɗa da waken suya. Abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti shi ma da gyaɗa da madara ake yinsa, ki sanar da ma'aikatan kafin su ba ki.

Madara: fura da nono, kindirmo, yogot, man shanu, cuku, tuwon madara, gullisuwa, shayi, biskit da yawancin burodi mai laushi. Ƙwai: kek, cincin, mayonis, alala, awarar da ake tsomawa a ƙwai, da shafen da ake yi a saman mitfai. Alkama: taliya, indomi, alkaki, funkaso, gurasa, fanke, semo, da ɗanwaken da aka sa wa fulawa. Kifi da kirefish sukan shiga miya a dake ba a ganinsu. Riɗi yana cikin kantu da saman wani burodin. Daddawa ma ba duka ce ta kalwa ba, akwai ta waken suya.

9. Karanta jikin leda, kowane saye

Ki juya bayan leda ki nemi jerin kayan haɗi. Kalmomin da za ki nema da Turanci: milk, whey, casein na madara, egg da albumin na ƙwai, peanut, groundnut, arachis na gyaɗa, wheat, soya, sesame. Kayan da ke shigowa ta Nijar ko Kamaru da Faransanci ne: lait, oeuf, arachide, blé, soja. In an rubuta may contain sannan sunan abin, ki ajiye. In ba ki karatun boko, a rubuta miki kalmomin a kati ki riƙa gwadawa da ido, ko ki ba mai kanti ya duba. Kamfani yakan canza haɗi, don haka biskit ɗin da ya ci lafiya bara ki sake dubawa bana. Abin da aka ƙulla a farar leda babu rubutu, ba nasa ba ne.

10. Me zai ci a madadi

In yana shan nono ki ci gaba, nono zalla har wata 6, sannan a haɗa da abinci har shekara 2. Kar ki daina cin wani abu saboda shi sai likita ya ce.

Hattara ga masu alejin madarar shanu: nonon akuya da na tunkiya ba mafita ba ne, yawancin yaran nan suna tashi da su ma. Madarar da aka rubuta babu laktos, wato sukarin da ke cikin madara, ita ma ba ta yi ba, wancan na masu kumburin ciki ne, wata matsala ce daban. Akwai madarar gwangwani ta musamman irin Nutramigen da Neocate, tsadarsu ta ninka ta gama-gari sosai kuma likita ke zaɓa. Madarar waken suya ba a fara ta kafin wata 6.

Abin gina jiki kuwa Allah ya hore mana: wake, nama, hanta, kaza, kifi in yana ci. Don ƙashi akwai zogale, kuka, tamba, da ƙananan kifin da ake dakawa da ƙayarsu. Kunu ki yi na gero ko dawa ko shinkafa, ki ɗiga manja ko man da kika tabbatar da shi don ya riƙe ciki. Ki riƙa kai shi awo duk wata, in nauyi ya tsaya wata 2 a jere ki koma wajen likita.

11. Mutanen gida

Gaskiya wannan ya fi duk sauran wuya. Za a ce miki iyayi ne, za a ce mu da gyaɗa aka raine mu, za a ce haƙori ne ko shawara ko sanyi, kuma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne "a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan zai saba". Masu faɗar nan son yaron suke yi, ba mugunta ba ce, don haka faɗa ba zai yi aiki ba. Abin da ya yi min aiki shi ne na bar babansa ya yi wa mahaifiyarsa bayani da kansa, ya nuna mata hoton ranar da fuskar ta kumbura, ya ce "Hajiya, likita ya ce ko lasa aka ba shi numfashinsa zai iya tsayawa, ke muke roƙo ki tsare mana shi." Daga ranar ita ce ma take korar mai tallan ƙuli daga zaure. Ba wa yaro abin kaɗan-kaɗan don jiki ya saba akwai shi a likitance, amma a asibiti ake yi da awo, ba a tsakar gida ba.

Yayyensa da 'yar aiki da abokiyar zama in akwai, kowa ya san abu uku: me ba ya ci, alamun haɗari, ina jaka take. Ki manna takarda a bangon kicin. Shi ma yaron da ya fara magana ki koya masa "ba na ci, sai na tambayi Umma", ki riƙa nuna masa gyaɗa da ƙuli da ido don ya san kamanninsu.

12. Makaranta, biki da Sallah

Ki je da ƙafarki ki ga malamarsa ta boko da malamin Islamiyya, ki ba su kwafin takardar likita da lambarki, ki nuna musu hoton. Abincin tara daga gida, a hana musayar loma, kuɗin kashewa kuma ki dakata da shi tukuna. Gidan biki ko suna ki ciyar da shi ya ƙoshi kafin ku fita, ki riƙe masa abin taɓawa a jaka don in ana rabon cincin kar ya tsaya yana kallo. Yawon Sallah kar ya tafi sai da babba wanda ya sani. Jakar gaggawa duk inda ya sa ƙafa tana biye, ko gidan maƙwabta ne.

13. Rigakafi, ƙannensa, da komawa asibiti

Kar aleji ya sa ki bar rigakafi. Ta ƙyanda ana yi wa masu alejin ƙwai lafiya lau. Ta cutar shawara da ake yi a wata 9 ita ce ake sarrafawa a cikin ƙwai, don haka ki faɗa wa ma'aikaciyar kafin ta yi, likita ya duba yadda za a yi.

Ƙaninsa kuma kar ki hana shi abincin don tsoro. Wani bincike da aka yi a Landan aka fitar a 2015 ya nuna jariran da aka fara ba gyaɗa da wuri sun fi tsira daga alejinta da kusan kashi 80 cikin 100 a kan waɗanda aka hana. Wannan na wanda bai kamu ba ne. In ya kai wata 6 ki fara masa abu ɗaya-ɗaya, da safe, yana cikin ƙoshin lafiya, ɗan kaɗan a bakin cokali, a dame ba ƙwaya ba don ƙwayar gyaɗa tana shaƙe yaro, ki bar kwana 2 ko 3 kafin sabon abu, sannan ki wanke masa hannu da baki kafin ya koma wajen yayansa. In yana da ƙurajen bushewar fata masu yawa, ki fara ganin likita.

Shi mai alejin ki riƙa mayar da shi asibiti aƙalla sau ɗaya a shekara, don nauyinsa yana ƙaruwa adadin magani yana canzawa. Yara da yawa suna rabuwa da alejin madara da na ƙwai kafin ko a cikin shekarun firamare, na gyaɗa ne mai naci, kusan 1 cikin 5 ne ke rabuwa da shi. Wasu masu alejin ƙwai ko madara suna iya cin wanda aka gasa sosai a cikin kek, amma likita ne zai ce a gwada kuma shi zai faɗi inda za a gwada. In za ku koma ki tafi da littafin nan da jakar gaba ɗaya, a auna shi, a sake rubuta adadin allurar, ki cire tsohuwar takardar ki manna sabuwa.